Ido kaɗai ya isa a rubuta sunan ƙwayar cuta daga faranti?

Wani ƙanenmu da ke intanship a wani lab a Gombe ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: ogansa yana ɗaga farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta a kai ya kalla sau ɗaya ya ce wannan E. coli ce, wancan Klebsiella ce, shi kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake gani duk iri ɗaya. Yana son ya san me ake dubawa, sannan tunda wani lokacin riyejan, wato sinadaran gwaji, na yankewa, ko ya halatta ya rubuta sunan ƙwaya a sakamako da abin da idonsa ya gani kawai.

Toh ƙanena, ta biyun zan fara taɓawa don ita ce mai nauyi. Kamannin koloni, wato ɗigon da ƙwayoyi suka taru suka yi a faranti, zargi yake ba ka, ba hukunci ba. Aikinsa ya gaya maka wane gwaji za ka yi na gaba, ya rage maka ɓata riyejan da lokaci, shi ke nan. Ogan naka in ka lura da shi da kyau ai ba faranti kaɗai ya kalla ba, ya riga ya karanta fom ya san daga ina sampul ya fito, ya san a kan wane irin abincin ƙwayoyi aka shuka, ya san awa nawa faranti ya yi a inkubeta, akwatin ɗumin da ake raya ƙwayoyi a ciki, kuma in ogan kirki ne bayan ya faɗi sunan za ka ga ya miƙa hannu ya ɗauko silaid. Sunan da ya faɗa da baki daban, wanda zai sa wa hannu daban.

Dalilin da ya sa nake matsawa a nan, sunan da ka rubuta shi ke jan hannun likita wurin rubuta magani. Klebsiella a halittarta ba ta jin ampicillin. Proteus ba ta jin nitrofurantoin, wanda kuma shi ne ake yawan ba mata masu ciwon mafitsara. Pseudomonas aeruginosa ba ruwanta da ceftriaxone ɗin da ake ɗirka wa kowa a asibitocinmu, haka ita ma Enterococcus. Sannan faɗin da'irar da kake aunawa da rula a gwajin magani, wato filin da ƙwaya ta kasa tsirowa kewaye da faifan magani, ma'anarta tana canzawa gwargwadon jinsin ƙwayar, in suna ya karkace fassarar ma ta karkace. Mutumin nan da ya taso daga Dukku ko Nafada ya biya kuɗin mota ya biya kuɗin gwaji ya jira kwana 2 ko 3, hakkinsa ne a ba shi abin da aka tabbatar.

Yanzu ga yadda ake koyon kallon. Kafin ka buɗe murfi ka tambayi kanka abu uku: menene sampul ɗin, wane faranti ne, kwanansa nawa. Yawancin abin da muke karantawa ya kwana awa 18 zuwa 24 a zafin digiri 35 zuwa 37, duk bayanin da zan yi maka a kan wannan ma'aunin yake. In wuta ta ɗauke cikin dare janareta bai tashi ba, koloni za su fito ƙanana, launi bai gama nuna ba, kar ka yanke hukunci a kansu, mayar da su su ƙara kwana. Ka duba inda koloni suka ware ɗaya-ɗaya a layin ƙarshe na jan da aka yi, ba inda suka cunkushe ba. Duk wanda ya tsiro a gefe ba a kan layin da lup, wato wayar da ake shuka da ita, ya bi ba, ka fara zarginsa da baƙo ne, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shigowa ta ko'ina, Bacillus da fumfuna sun fi yawa a irin wannan lokacin. Daga nan sai girma, ka auna da milimita ba da "ɗan ƙarami" ba, sai gefe ko sumul ne ko mai tsaga-tsaga, sai tudu ko a kwance yake ko ya kumbura ko tsakiya ya lotsa, sai fuska ko busasshiya ce ko tana sheƙi, sai launi, sai ko haske na ratsa shi, sannan abin da ya yi wa abincin da ke kewaye da shi. Ka karkata farantin a gaban fitila, ka kuma ɗaga shi haske ya biyo ta baya, abubuwa da yawa sai a haka suke fitowa. In ka saba bin wannan jerin kullum ba tsallake, idon da kake sha'awa a wurin oganka zai zo da kansa.

Mu ɗauki farantin jini tunda shi ne uwa. Abin da ake nema a nan yadda ƙwaya ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma rabon nan na alfa, beta, gama tun 1919 James Brown ya tsara shi. Beta wuri ya washe tas har kana iya karanta rubutu ta bayansa, alfa ya yi kore-kore dishi-dishi, gama babu abin da ya canza. Staphylococcus aureus koloninta masu kauri ne, milimita 1 zuwa 3, haske ba ya ratsa su, launin madara zuwa ruwan zinare, sau da yawa da beta siririya a gefe. Streptococcus pyogenes kuwa koloni ɗan mitsitsi ne amma da'irar da ya wanke ta ninka shi faɗi, wannan rashin daidaiton shi ne alamar. Streptococcus ta rukunin B, wadda muke tsoro a mata masu ciki da jarirai, koloninta ya fi girma da laushi, da'irarta kuma ƴar siririya ce, wani lokacin sai ka kawar da kolonin da lup sannan za ka ganta a ƙarƙashi. Amma ka ga, launin zinare ba hujja ba ne, akwai aureus fara sol, akwai kuma Micrococcus mai rawaya sosai da ba ta da alaƙa da ita. Katales, gwajin da ake duba ko koloni zai yi kumfa, shi ne zai raba maka Staph da Strep cikin daƙiƙu, kowagules kuma, gwajin daskarar da ruwan jini, ya raba aureus da sauran Staph. In za ka ɗebo koloni daga farantin jini don katales ka ɗauki samansa kawai, in ka haɗo da jinin zai yi kumfa ya yaudare ka.

Streptococcus pneumoniae tana da wani hali da nake son kowane ɗalibi ya gani da idonsa. Ranar farko koloni ne ƙarami mai sheƙi da alfa a kewaye, ba ka iya raba shi da ƴan uwansa na baki da ake kira viridans. In ya ƙara kwana sai tsakiyarsa ya lotsa gefe ya tsaya a tashe, saboda ƙwayar tana narkar da kanta. Su viridans ba sa yin haka, suna nan a kumbure. Duk da haka faifan maganin optochin ne alƙali, da'irar milimita 14 ko fiye na nufin pneumoniae ce, ko a gwada ko ruwan ɗaci na matsarmama zai narkar da ita. A kakin mai ciwon haƙarƙari wannan bambancin shi ne tsakanin cuta da ƙwayar baki ta yau da kullum.

A nan dole in tsaya in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ƙa'ida jinin tunkiya ake zubawa, kashi 5 cikin 100, bayan abincin ya huce zuwa wajen digiri 45 zuwa 50. Amma labs da yawa a ƙasar nan jinin mutum da ya tsufa a bankin jini suke amfani da shi. Jinin nan akwai sitiret a ciki, sinadarin da ake zubawa don kar ya daskare, akwai garkuwar mai jinin, wata ƙila ma ya sha maganin kashe ƙwayoyi kafin ya bayar, sai ka ga fashewar jini ba ta fito sosai ba, ƙwayoyi masu tsirfa irin pneumoniae su ƙi tsirowa ko su fito a wahale, ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau ga mai zuba farantin. A jihohin da tumaki suka fi komai arha wallahi wannan bai kamata ba. Tunkiya biyu ko uku da likitan dabbobi ke duba su, da kwalba mai ƴan duwatsun gilas da ake girgizawa don cire abin da ke sa jini daskarewa, sun ishi lab guda. In a wurinku jinin mutum ake zubawa, ka san cewa hotunan da kake gani a darasi ba lallai su yi daidai da abin da ke hannunka ba, kuma ba laifin idonka ba ne.

Sai farantin MacConkey, wanda a nan ne kalmar oga ta E. coli da Klebsiella take fitowa. A cikinsa akwai gishirin ɗaci da ke hana yawancin Giram-fozitib tsirowa (rinin Giram ne ke raba ƙwayoyi gida biyu, fozitib da negatib), akwai sukarin laktos, akwai rini da ke komawa ruwan hoda in tsami ya yi yawa. Mai cin laktos ya yi hoda, wanda ba ya ci ya fito fari-fari ba launi. E. coli hodarta mai duhu ce, koloni a kwance, a bushe, sau da yawa abincin da ke gefensa ma ya yi hoda dishi-dishi. Klebsiella manya ne, a kumbure, suna sheƙi, suna malalewa su haɗe da juna, in ka taɓa da lup ka ɗaga za ka ga yauƙi kamar na miyar kuɓewa, in zaren ya wuce milimita 5 ana zargin irin nan mai tsananin illa da ke sa mugunya a hanta. Kaga a rubuce abin kamar mai sauƙi. Matsalar ita ce Enterobacter ma tana yin hoda da ɗan yauƙi, Citrobacter ma tana yi, akwai E. coli mai yauƙi musamman a fitsari, akwai kuma wadda ba ta cin laktos sam ta fito fari kamar Shigella. Acinetobacter, wadda ke addabar ɗakunan masu ciwo mai tsanani kuma take bijire wa magunguna da yawa, tana yin wata hoda mai haske da ke sa sabon hannu ya ce mai cin laktos ce alhali ba ita ba ce. Gwaje-gwajen indol, sitiret, yuriyes, motsi, da bututun gwajin sukari na TSI ko KIA su ne za su warware. Kuma kar ka ɗauki koloni daga MacConkey ka yi gwajin oksides ko indol, launin na ɓata karatu, ɗauko daga farantin jini ko abinci marar rini. Oksides ɗin ma da tsinke ake yi ko gefen silaid, wayar lup ta ƙarfe tana ba da fozitib na ƙarya.

Akwai guda biyu da gaskiya ido ke kusan gama aikin. Proteus a farantin jini ba ta zama wuri ɗaya, tana yaɗuwa zobe bayan zobe har ta rufe faranti, ga warin ruɓaɓɓen kifi da ke tarbarka tun kana ɗaga murfi. In ka ga haka saura indol kawai, negatib mirabilis, fozitib vulgaris. Shi ya sa ma ake shuka fitsari a farantin CLED, an rage masa gishiri don ya hana ta wannan yawon, a can mai cin laktos rawaya yake yi, wanda ba ya ci ya yi shuɗi-shuɗi. Ta biyun Pseudomonas aeruginosa, koloni a baje mai tsagaggen gefe, yana ƙyalli irin na ƙarfe, abinci ya rine kore ko shuɗi-kore, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ka haɗa da oksides fozitib, sampul kuma daga gyambo ko ƙuna ko kunne mai ruwa, ka gama. Amma wasu ba sa fitar da launin, su sai an ƙara gwaji, ciki har da ko za su tsiro a zafin digiri 42.

Tunda na ambaci wari, ka ji da kyau: kar ka taɓa kai faranti hanci ka shaƙa. Abin da ya iso maka da kansa ya isa. Na san tsofaffin hannu da yawa suna yi, kar ka koya. A yankinmu ana kiwo ana shan nonon da ba a tafasa ba, ƙwayar Brucella mai sa zazzaɓi mai daɗewa tana nan, kuma tana cikin ƙwayoyin da suka fi kama ma'aikatan lab a duniya. In jinin mai zazzaɓin da ya daɗe ya ba ka koloni mitsi-mitsi masu santsi da sai bayan kwana 2 ko 3 suka bayyana, ba su tsiro a MacConkey ba, Giram ya nuna ƴan ƙananan negatib dishi-dishi, ka rufe faranti ka naɗe shi da tef ka kira na gaba da kai. Haka in ka ga koloni babba, fari-toka, busasshe mai gefe kamar gashi ya bazu, bai fasa jini ba, in ka ɗaga shi da lup ya tsaya a tsaye bai kwanta ba, kuma mai sampul ɗin mahauci ne ko makiyayi mai miki baƙi a fata. Yawancin Bacillus da muke gani datti ne kuma suna fasa jini, wannan da bai fasa ba shi ne abin tsoro, don ƙwayar cutar antiraks ake zargi. A watan Yulin 2023 an tabbatar da antiraks a wata gona a Suleja ta jihar Neja, don haka ba labarin ƙasar waje ba ne.

Bahaya kuwa shi ne inda ido ya fi jefa mutane a rami. A farantin XLD Salmonella ja take fitowa da baƙin tsakiya, Shigella ja ba baƙi, E. coli rawaya. Sai dai Proteus da Citrobacter su ma suna yin baƙin tsakiya a irin waɗannan faranta, kuma suna zaune a hanjin mai lafiya. Duk wanda ya ga baƙi ya rubuta Salmonella ba tare da yuriyes ba, ya ɗora wa mutum taifod ɗin da ba shi da shi, a ƙasar da dama gwajin Widal ya riga ya mayar da kowane zazzaɓi taifod. Proteus tana juya yuriyes hoda cikin ƴan awanni, Salmonella ba ta yi. Abin mamaki ma ita Salmonella Typhi ɗin, mai sa taifod na gaskiya, baƙinta kaɗan ne, a TSI ɗan layi take yi a inda allura ta shiga, ba ta kuma fitar da iska. Ƙarshe dai sai antisira, ruwan garkuwa da ke dunƙule ƙwaya in jinsinta ne.

Lokacin damina in amai da gudawa ya ɓarke, kamar 2021 da Bauchi ta kasance cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna, farantin TCBS za ka riƙa gani. Farantin kore ne, Vibrio cholerae tana cin sukuros ta fito rawaya, a baje, milimita 2 zuwa 3, tana sheƙi, bayan an fara raya ta a ruwan feftan mai alkali na awa 6 zuwa 8. Amma ba ita kaɗai ke yin rawaya a wurin ba. Sai an sake shuka ta a abinci marar sukari, a yi oksides, a yi gwajin zare da sodiyam diyoksikolet, a haɗa da antisira na O1. Kalmar kwalara in ta fita daga lab tana tayar da ƙaramar hukuma guda, ba a furta ta da launi kawai.

Ruwan ƙashin baya shi ma haka. Muna cikin yankin sanƙarau, daga hunturu zuwa bazara ake ganinsa, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV bayan ɓarkewar da ta shafi jihohin arewa har da Bauchi da Gombe. Neisseria meningitidis, mai sa sanƙarau, a farantin cakulan, wato jinin da aka ɗumama har ya yi ruwan ƙasa, koloninta toka-toka ne, masu laima, sumul, ba ta fasa jini, tana son iskar kabon, shi ya sa muke sa ta a gwangwanin kyandir. Haemophilus influenzae tana kama da ita a cakulan, amma a farantin jinin tunkiya ba ta tsirowa sai in an ja layin aureus, nan za ka ga ƴan ƙanana sun taru a gefen layin suna ƙanƙancewa in sun yi nisa. Giram ne zai fara raba su, ɗaya tagwayen ƙwallaye ɗaya ƴan sanduna. Kar a sa ruwan nan a firij, sanyi na kashe su duka biyun, kuma duk abin da ya tsiro daga gare shi a cikin akwatin kariya ake taɓa shi. Mashaƙo da ya dawo mana a 2023 ma, baƙin koloni a abinci mai telurait zargi ne kawai, tabbatar da cewa ƙwayar na fitar da guba sai gwajin Elek ko PCR a manyan dakunan gwaji irin na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa.

Fitsari kuma ƙirga ake yi ba kallo kawai ba. In lup ɗinka na maikurolita 1 ne, koloni 100 na nufin 100,000 a kowace mililita. Iri uku ko fiye a faranti ɗaya yawanci sampul ne ya gurɓata, a sake karɓa a koya wa mai shi yadda ake tarar na tsakiya. Sannan ka kula da Candida, wadda yis ce ba baktiriya ba, a farantin jini tana shigar burtu ta yi fari kamar Staph, har katales tana iya ba ka fozitib, in ta kwana biyu ne za ka ga ƴan ƙafafu sun fito a gefenta. Shi ya sa nake cewa kowane koloni da za ka yi aiki a kansa ka fara yi masa Giram. Rinin nan tun 1884 ake amfani da shi, minti biyar ne, kuma ya fi kowane riyejan arha.

Toh in riyejan ya yanke fa, ya za ka yi? Ka rubuta iyakar inda ka tsaya. In abin da kake da shi Giram ne da MacConkey, rubuta cewa sanduna ne Giram-negatib masu cin laktos, kolifom, ba a kai ga tantance jinsi ba, ka ba da sakamakon magani, likita mai hankali zai yi aiki da shi. In kowagules babu, rubuta Staphylococcus ka tsaya, kar ka ƙara aureus. Akwai gajeriyar hanya da ƙa'idojin CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin aikin lab, suka amince da ita, misali a fitsari koloni mai cin laktos, busasshe, mai fasa jini, oksides negatib, indol fozitib ana iya kiransa E. coli, amma ka lura har a gajeriyar hanyar akwai gwaji biyu a ciki, kuma ba a yin ta a jini ko ruwan ƙashin baya ko bahaya. Waɗannan in ba za ku iya ba ku sake shuka ƙwayar ku tura asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe ko na ATBU a Bauchi.

Don horar da idon, ka roƙi oganka ya ba ka ƙwayoyin da ake gwada ingancin aiki da su, E. coli ATCC 25922, S. aureus ATCC 25923 da P. aeruginosa ATCC 27853, ka shuka kowacce a farantin jini da MacConkey da CLED, ka duba su a awa 18, ka sake dubawa a 24 da 48 ka ga yadda suke canzawa. Ka samu littafi, kowace safiya kafin a yi gwaji ka rubuta siffar da ka gani da sunan da kake zargi, in sakamako ya fito ka rubuta shi a gefe. Inda zarginka ya saɓa da gwaji, ajiye farantin ka kai wa oga ku kalla tare, ka tambaye shi me ya gani da kai ba ka gani ba. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.